Karkataccen Gidan Ingila

Ranar da malamin tarihi ya ɗaga mana hoton wani gida na ƙasar Ingila, dariya muka fashe da ita. Bango ya yi tumbi, tagogi sun karkace, benen sama kamar ya zamo ƙasa. Wani daga bayan aji ya ce wataƙila da daddare aka gina shi.

Sunan gidan Little Moreton Hall, a yankin Cheshire. An fara ginin a farkon shekarun 1500, aka shafe kusan shekara 100 ana ƙara masa ɗakuna. Ƙashin bayan irin waɗannan gidaje katakon wani ƙaƙƙarfan itace ne mai suna oak. Sassaƙa shi ake yi, a cusa wannan cikin wancan, a datse da ƙusar itace. Tsakanin katakan kuma a kan saƙa tsumagu, a yaɓe da laka da ciyawa da kashin shanu. Nan dariyarmu ta fara raguwa, don mun san wannan kwaɓin a gidajen kakanninmu.

Abin da ya karkatar da shi, masu gidan ne suka ɗora wani dogon ɗaki mai tsawon ƙafa 68 a can sama, aka rufe shi da fale-falen duwatsu masu nauyi. Ƙasa ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta. Da mu ne, rushewa za mu yi mu zuba bulo. Su kuwa tallafe shi suka yi da ƙarafa, suka bar shi a karkacensa. Tun 1938 ƙungiyar National Trust ke kula da shi.

Ingila tana da rajistar gine-ginen tarihi mai matakai uku, kuma wannan gida yana matakin farko. Ko da kuɗinka ka sayi gidan da ke cikin rajistar, sauya masa kamanni ba tare da izini ba laifi ne da kan kai mutum kotu. Mun yi gardama a kan wannan, wasunmu har yanzu suna ganin an takura wa mai gida.

Masu gyaran suna gudun siminti, domin yana kulle danshi a ciki har katako ya ruɓe. Farar ƙasa suke sawa, ita tana barin bango ya bushe. Da muka ji haka sai sakatarenmu ya yi tsit. Shekara biyu da suka wuce shi ya dage aka shafe zauren kakansa da siminti, wai don kada abokai su yi masa dariya. A daminar bana shafen ya ɓalle, ya tafi da ƙasar bangon.