Malamin Da Ya Ƙwace Mani Littafi

Mai karatu, idan ka taɓa ɓoye littafin soyayya a cikin littafin lissafi, to matso kusa, labarinmu ɗaya.

A 1993 ina aji biyu na ƙaramar sakandare a Birnin Kudu. Malaminmu na lissafi mutumin Gwaram ne, ba ya dariya, amma kullum sai ya sa aji dariya. Ka ba da amsar banza, sai ya ce, "Allah ya sa kada a kira ka rabon gado."

Ran nan na yi nisa cikin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, sai na ga inuwa a kaina. Ya ɗauke littafin ya ce, "Shafi nawa ka karanta a minti arba'in? Fito allo ka lissafa mana ranar da za ka gama." Wallahi na kasa. Ya ce ni da littafin sai na ci jarrabawa. Ga shi na haya ne, kullum kuɗi na hawa kaina!

Wata biyu ina kwana da lissafi. Da na ci, ya miƙo mani da kuɗin hayar a ciki, ya ce, "Na karanta. Sumayya ta sha wahala."

Yau da lissafin nan nake riƙe shagona. Bara na je Gwaram in yi masa godiya, sai aka nuna mani maƙabarta. Allah ya jiƙan Malam. Kai kuwa, idan naka na raye, kada ka ce sai gobe.