Wasiƙa daga bakin kogin Rhine

Zuwa ga Yaya,

Ina fata kuna lafiya, kai da Inna da yara. Yaya noman rani? Na ji an sako ruwan Tiga, na san yanzu ba a ganinka a Dawaki, kullum kana tsakanin Kura da Bunkure.

Ka ce duk sanda ka tambaye ni aikina a Jamus sai in ce "na'ura" in yi shiru. To ga bayani. Yuriyar da kake watsa wa shinkafa daga amoniya ake yin ta, ita kuwa amoniya haɗin iska biyu ce, haidirojin kashi uku, naitirojin kashi ɗaya. A Oppau, bakin wannan kogi, aka fara yin amoniya a masana'anta a 1913. Ni nawa shi ne saita na'urar da ke nuna ko haɗin ya tafi daidai.

Cikinta wata siririyar waya ce kamar silin gashi, lantarki na gasa ta, iskar na bi ta kanta. Ka san yadda maƙeri ke tsoma ƙarfe mai zafi a ruwa ya huce nan take, in kuwa ya ajiye shi a ƙasa sai ya jima da zafinsa. Haka iskoki suka bambanta. Haidirojin na kwashe zafi kusan ninki bakwai na naitirojin, saboda haka in ta yi yawa sai wayar ta huce, adadin da ke fuskar na'urar ya hau. Iyakar saninta ke nan. Ba ta san sunan iska ba, in wata baƙuwar iska kamar agon ta shigo, da ita za ta yi lissafi.

Shi ya sa ake koya mata. Mu fara ba ta naitirojin zalla daga silinda, mu ce wannan ne sifili. Sannan mu ba ta wata silindar da aka riga aka auna haɗinta, mu gyara har abin da ta nuna ya yi daidai da takardar silindar. Kamar mai sayen hatsi ne da ya zo kasuwa da kwanonsa don bai yarda da na mai awo ba.

A satina na biyu na yi abin kunya. Sanyi ya dame ni, yatsuna sun ƙage, ban jira adadin ya tsaya ba na danna saiti. Dattijon da ke koya mini bai ce uffan ba. Ya ɗauko ruwan sabulu ya shafa a mahaɗar bututu, sai ga kumfa na tasowa. Ban ɗaure noti da kyau ba. Muka sake daga farko, ya sa ni tsaye ina kallon lamba har ta daina motsi. Da haidirojin ba a wasa, kashi 4 cikin ɗari a iska ya isa ta kama da wuta.

Ranar na tuna Malamin Fiziks ɗinmu na Sakandaren Kimiyya ta Dawaki yana zana gadar Wheatstone a allo muna hamma. Ita ce a cikin na'urar nan, wallahi.

Nawa buhun yuriya bana? A gaida Inna, a ce mata yajin da ta ba ni ya kusa ƙarewa.

Ƙaninka.