Makon da kifin Inna ya kwana

Inna tana suyar kifi a bakin kasuwa tun ban shiga lakwal ba. Da kaskonta aka saya mini kaye da bik, da shi aka biya kuɗin jarabawa, da shi nake biyan ɗakin haya a Maraɗi yanzu. Shi ya sa idan malami ya fara zancen hulɗa da jama'a yana kawo misalin manyan kamfanonin Amurka da Faransa, ni hankalina wajen kaskon nan yake tafiya.

Bara da damina ina gida hutu, wani saƙon murya ya shigo WhatsApp. Bai kai minti biyu ba. Muryar namiji ce, ya yi sallama, ya yi salati, sannan ya ce kowa ya kiyayi kifin tafkin Madarunfa, wai yara sun ci sun kama amai da gudawa. Bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garin yaran ba. Ya dai rufe da "don Allah a tura wa ƴan'uwa". Kafin magariba na same shi sau huɗu: a gurup ɗin fadarmu, a na dangi, a na ƴan ajinmu, sai kuma daga wani ɗan'uwa da ke Jibiya. Saƙon ya ƙetare iyaka ya dawo ke nan, ba wanda ya tare shi a Ɗan Isa.

Ban ga laifin waɗanda suka tsorata ba. A 2018 kwalara ta shigo yankinmu, a asibitin Inyalwa aka fara ganin masu ita, kuma mutane sun mutu. A 2021 ta sake dawowa jihar Maraɗi. Wanda ya ga wannan da idonsa, kalma biyu sun ishe shi ya janye hannu daga kwano.

Kifin Inna ya kwana. Washegari ma ya kwana. Tarwaɗar da ta karɓa bashi wajen masunta ta lalace a gabanmu. Na ce mata ƙarya ce, ba inda aka tabbatar. Ta dube ni ta ce, "To ɗana, ni na sani. Wa za ya gaya ma masu saye?"

A kwana na uku takarda ta fito daga wani ofis. Da Faransanci, da hatimi, da sa hannu, tana cewa babu wata cuta da aka gano. Wani ya ɗauki hotonta ya tura. Na karanta, na ji sanyi, amma a layin masu suya ba wadda ta iya karanta ta. Wata maƙwabciyar Inna ma cewa ta yi tunda har hukuma ta fidda takarda, lalle akwai abin da ake ɓoyewa. Ka ji fa.

Abin da ya kashe maganar wani dattijo ne mai shela, irin waɗanda mu ƴan boko muke yi wa kallon kayan tarihi. Ran kasuwa ya ɗauki lasifikarsa, ya ce sarkin ruwa da mai gari ne suka aiko shi. Ya tsaya gaban masu kifi, ya sayi guda, ya cinye a idon mutane, ya suɗe yatsu, yana cewa, "Wanda ya san yaro guda da kifin ga ya kwantar, shi kawo min sunan uban shi." Aka yi dariya. Ni kuwa na ɗauke shi da salula, na tura a gurup-gurup ɗin da ƙaryar ta bi. Ban ce bidiyona ne ya yi aikin ba, don kasuwa ta gan shi da ido. Amma ɗan'uwan nan na Jibiya da ya turo mini ƙaryar, shi ya sake turo mini dattijon.

Tun daga nan nake gardama da abokaina da suke ganin aikin nan a gaba shi ne buɗe shafin Facebook da zuba hotunan shugaba yana yanka kyalle. Ana buƙatar wannan, ban musa ba. Sai dai a wajenmu mafi yawan masu salula sauraro suke yi, ba karatu ba. Wanda ya yi magana da Hausa, da muryar da aka sani, cikin awa guda, ya riga mai hatimi. Studio Kalangou sun gane haka tun 2016, suna shirya labarai da harsunan ƙasa gidajen rediyon karkara suna watsawa. Ofisoshinmu da yawa kuwa har yau sai an jira shugaba ya dawo daga Yamai ya sa hannu.

Akwai masu cewa doka ce magani. Muna da dokar laifukan intanet tun 2019, a watan Yunin 2024 kuma aka maido da hukuncin ɗauri a cikinta. Ko da an kama mai muryar nan, bashin masunta yana nan wuyan Inna. Rufe intanet ɗin ma an gwada, wajen kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021, jita-jita ta koma kan kabu-kabu da bakin rijiya, inda ba a iya bin sawunta.

Abin da ke damuna shi ne dattijon nan ya tsufa, ƴaƴansa kuma ba mai sha'awar lasifika. Mu da za mu gaji aikin muna da diploma da mega, amma ban san ko akwai wanda zai ci kifi don mun ce ya ci ba. Shi shekara da shekaru yana shelar suna da rasuwa da ɓatan akuya, ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, a nan ya tara abin da ya kashe ran nan.

Inna ta gama biyan masunta bayan kaka. Da zan komo Maraɗi ta ƙunsa mini kifi a takarda, ta ce in ajiye bidiyon tsohon nan kar in goge, ko za a sake.