Garkar Bayan Ɗaki: Wanne Ne Shuka, Wanne Ne Haki?

Duk wanda ya bi kwalta daga Birnin Konni zuwa Galmi a watan Disamba zai ga fangalan albasa kore shar hagu da dama, har ya ɗauka cewa a wannan ƙasa kowa da fartanya aka haife shi. Madatsun ruwa na Mozage da Zango suna shayar da fiye da hekta 2,000 a Konni, kuma tun bayan farin 1984, da gwamnatin Seyni Kountché ta matsa wa jama'a kan noman rani, sana'ar ta ƙara kafuwa. Amma wannan ilimi na manoma ne. Ma'aikacin da ya yi ƙuruciyarsa a kan bencin lakwal, da ɗan kasuwar da ya yi tasa a bakin kanti, da yawansu ba sa bambanta tsiron albasa da na aya-aya.

Tun da aka rufe iyaka a 2023, cefane ya yi tsada, na lura gidajen abokaina sun cika da ƙananan garake: fangali biyu ko uku a bayan ɗaki, ana ba su ruwan famfo da ake biya a ƙarshen wata. Ni ma ina da tawa. Abin da ke kashe irin waɗannan garake ba fari ba ne, ba kuma awaki ba. Hannun mai su ne, a makonni uku na farko. Maigida ya sayi iri da tsada, ya zuba taki, ya tafi ofis, ya bar wa yaro umarnin cire haki. Yaro kuwa, bisa gaskiyarsa, ya tuge abin da ya ga ya rame, ya bar wanda ya ga ya yi ƙiba. To, ai haki ne ke fara ƙiba.

A lise an koya mana sunan ganye biyun farko da Faransanci, mun zana su a allo, mun ci jarrabawa. Ba a gaya mana cewa su ne manyan mayaudara ba. Ganyen fari na karoti sirara ne kamar ciyawa, kuma yakan yi kwana 10 zuwa 14 kafin ya leƙo, alhali fasa-ƙabba da zaki-banza sun riga sun shimfiɗa tabarma. Sai ganye na uku ya fito, mai yage-yage kamar gashin tsuntsu, sannan karoti ke faɗin sunansa. Tumatir ya fi sauƙi: ƙararsa da gashi-gashi, kuma in ka murza ganyen da yatsa, ƙanshin ba ya ɓuya.

Albasa ce ke da wuyar sha'ani. Takan fito bayan kamar mako guda a lanƙwashe, kamar zaren da aka ninka biyu, wani lokaci da baƙin ɓawon irin a kanta. Goggona, wadda ta yi shekaru tana renon albasa a kwarin Badagishiri, ba ta yarda da ido kaɗai. Cewa take yi: "Ɗana, sa hannu." Ganyen albasa zagayayye ne kamar bututu, yana da laushi da wari. Na aya-aya faffaɗa ne, da sheƙi, da kwari a tsakiya, ƙararsa kuma kusurwa uku gare ta. In ka tsinke ta daga sama ka yi aikin banza, domin ƴaƴanta na ƙasa, sarƙe da juna kamar carbi. Sai an tona an bi su ɗaya bayan ɗaya. Manoman gero sun san irin wannan yaudara tun kaka da kakanni: shibra kan tashi tare da gero, ta ci takinsa, ba a cika gane ta ba sai ta fitar da kai.

Dabara biyu na ɗauko daga masu lambun Tsarnawa. Ta farko, a daina watsa iri kamar ana ba kaji tsaba. A ja layi da tsinke, a shuka a cikinsa, duk abin da ya tsiro a waje baƙo ne. Ta biyu, a shayar da fangali kwana 10 kafin shuka, a bar haki ya fito, a kankare shi sama-sama, sannan a sa iri. Wani hakin cikin ɗanyen takin dabbobi yake zuwa, shi ya sa takin da ya ruɓe ya fi.

Sai dai akwai inda nake saɓa wa littattafan noma da aka rubuto mana daga Turai, masu kiran duk abin da ba a shuka ba mugun haki. A wurin wa? Gasaya da lalo da tafasa da zaki-banza ba wanda ya shuka su a garkata, amma da su ake kwaɗo da miya. Ina yaro a 2005, lokacin da yunwa ta taɓa jihar Tawa, na ga mata suna dawowa daga daji da ƙunshin ganyayen nan a ka, kuma gidaje da yawa da su suka kai ga kaka. Ƴaƴanmu na yau sun san salati da shu, amma ka nuna musu gasaya su ce ciyawa ce.

Saboda haka na ware fangali ɗaya a gefen katanga, wanda ba a sa masa fartanya. Abin da ya fito a ciki, sai uwargida ta duba shi tukuna. Bana gasaya ce ta fi yawa, sai lalo gindi bakwai, da wani tsiro mai jan kara da na aika wa Goggo hotonsa ta waya, ta ce a bar shi ya yi fure.