Ƙauyen da Ke Gindin Dala

Ƙofar Mata, Kano
20 ga Rabi'ul Awwal

Aminina Habibu,

Ya karatu, ya baƙunta, ya kuma haƙuri da shinkafa da kifin mutanen Kalkata safe da dare? Mu nan sai godiyar Allah. Ruwa ya yi gyara bana, in ka ɗauke katangarmu ta baya da ta zauna a makon jiya. Hajiya na gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko har yau kana nan da ramar nan taka.

Dogon saƙonka ya same ni a bakin karofi, inda ka san nakan zauna bayan la'asar. Sau biyu na karanta labarin zuwanka Mayafur, na biyun ma da ƙarfi, don dattijon marinin nan ya ce ba zan yi ta murmushi ni kaɗai ba. Kwalekwale mai inji maƙare da tsofaffin mata, kowace da ƙunshin fure; gonakin shinkafa iya ganinka; sai ga ƙubba ta tsaya a tsakiyar ƙauye kamar daga sama aka ajiye ta. Sannan ka rufe da tambayarka mai tsokana: wai mutum da hankalinsa ya bar gonarsa, ya yi tafiyar kilomita fiye da 100 daga Kalkata, don kawai ya tsaya gaban bishiyar darbejiya saboda an ce a gindin irinta aka haifi Caitanya, malamin mabiya addinin Hindu, a 1486? Na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba. To jiya Dala ta rama musu.

Jiya ce Takutaha, ranar da jama'a ke hawan dutsen Dala. Ba ni da niyyar fita, amma yara suka tasa ni gaba tun asuba, ita kuma uwarsu ta ce ai hutu ne, ba ni da hujja. Muka ratsa ta Kurmi, muka bi lunguna har gindin dutsen. Kai, Habibu, mutum kamar ƙasa! 'Yan mata da lalle da sabon ɗinki, 'yan Islamiyya cikin layi suna yabon Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, masu gurasa da awara da rake sun kafa kasuwa a duk inda ƙafa za ta iya tsayawa. Matakalar kuwa ba kai ke hawanta ba, jama'a ke hawa da kai. Ban kai rabi ba gwiwata ta fara gaya mini shekaruna. Da muka isa sama, ga birni nan shimfiɗe, damina ta wanke shi: hasumiyoyin Babban Masallaci, Gidan Rumfa, rufin kwanon Kurmi, can gefe Gwauron Dutse. Ina mai da numfashi sai ƙaramar, Ummi, ta ja mini riga ta ce, "Baba, to me muka zo gani?"

Wallahi ban sami abin ce mata ba. Wata tsohuwa ce da ke zaune a kan takalminta tana fifita da gefen mayafi ta cece ni. Ta ce, "'Yar nan, ba gani ake zuwa ba, hawa ake zuwa. Ni ma kakata ce ta fara hawo da ni, a goye." Nan take kai ka faɗo mini a rai, da tsofaffinka na cikin kwalekwale.

Da dare na lalubo littafin nan da muka yi ta hamma a kansa a makaranta, Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, inda aka sa tarihin Kano da Hausa, wanda Palmer ya riga ya fitar da Turanci a 1908. Ka sake karanta shafukan farko in ka samu, yanzu da idonka ya ga Mayafur. Abin da ke ciki ai ƙauyen ziyara ne sak. Ga dutse, ga bishiya da aka kewaye da katanga, wurin tsafin Tsumburbura, ba mai shiga sai Barbushe. Shi kuwa yana zaune a kan Dala, ba ya saukowa sai kwana biyu a shekara. Idan lokacin ya gabato sai mutane su taho daga gabas da yamma, kudu da arewa, maza da mata, wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru. Su taru a gindin dutsen da yamma, dare ya yi Barbushe ya fito da makaɗa, ya shiga wurin shi kaɗai, ya fito ya gaya musu abin da shekara za ta zo da shi. Har Jakara, wannan da yau muke toshe hanci in za mu tsallaka ta, a lokacin kurmi ce mai baƙin ruwa da ake shakkar taɓa ko reshenta.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne jerin mutanen da ke kewaye da shi. Akwai maƙeri, akwai mai dafa giya, akwai mai magani, akwai mai gadin gari da dare, akwai Maguji mai haƙo tama yana narkawa. Ka ga ke nan inda jama'a ke taruwa, sana'a ba ta nisa. Masu haƙar ƙasa sun gano cewa tun wajen ƙarni na 7 ake narka ƙarfe a Dala, tun kafin Bagauda, wanda ake ƙirga sarautarsa daga 999. Wanda ya kawo bunsuru ba zai koma gida ba fartanya ba. Ni dai a ganina haka aka haifi Kano: ƙauye ne da baƙi suka yi ta zuwa har ya manta shi ƙauye ne. Masu awarar jiya gado suke yi ba su sani ba. Kai ma ka ce daga bakin kogi har ƙofar wurin bautarsu rumfuna ne, na carbi da hotuna da kayan zaƙi, da masu keken ɗaukar mutane. Ka ba Mayafur shekara 500 ka gani.

Kada ka ce na fara kare tsafi, Allah ya tsare mana imaninmu. Alhamdu lillahi da Wangarawa suka iso da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385. Amma dubi yadda abin ya yi taurin kai. Tun kafin Yaji, Sarki Tsamiya ya fasa katangar Tsumburbura da ƙarfin tsiya. Bayan Yaji, ɗansa Kanajeji da yaƙin Zazzau ya gagare shi sai ya koma wajen masu tsohon abin neman taimako. Sai a zamanin Rumfa, tsakanin 1463 da 1499, da Shehu Maghili ya zo, aka sare bishiyar tsafin da ta rage aka tsai da masallaci a wurin. Fiye da shekara 150 ke nan ana kai ruwa rana. An raba mutane da bishiya, an raba su da yankan, amma ba a raba ƙafarsu da dutsen ba. Yau da salati ake hawa. Malamanmu kuwa ka san su: wasu na cewa Takutaha murna ce da zagayowar ranar sunan Ma'aiki, wasu na cewa bidi'a ce mai ƙanshin Barbushe. Kowace shekara sai an yi ta a rediyo. Ni ban isa in raba wannan gardama ba, na dai ga ba wanda ya kai kaza.

Labarin kabarin alƙalin nan Musulmi, Cand Kazi, da ka ce masu ziyarar Hindu na tsayawa a kansa da ladabi a wani ƙauye kusa da Mayafur, shi ya fi ba dattijon marini mamaki. Ya ajiye muciya ya ce, "Su da ba sa salla?" Na ce haka ka rubuta: wai da farko shi ya hana su waƙoƙinsu a titi, daga baya suka sasanta da Caitanya, shi ke nan suka riƙe shi nasu. Ya girgiza kai ya ce duniya da faɗi take.

Af, tun da na ambaci marini, ka san ƙasar da kake takawa ƙasar baba ce? Lardin Nadiya, inda Mayafur take, nan ne manoma suka yi wa Turawan Ingila bore a 1859, suka ce ba za su ƙara shuka baba dole a gonakin shinkafarsu ba. Da na gaya wa dattijon sai ya tsoma farin ƙyalle a rijiya, ya ɗago shi kore shar, muna kallo iska ta mai da shi shuɗi, ya ce, "A kan wannan aka yi faɗa?" Na ce a kansa. Daga baya Jamusawa suka fitar da shunin kanti a 1897, ya karya nomansu can, mu kuma nan ya yi ta cin marina a hankali. Karofin nan namu an ce tun 1498 yake, wato Caitanya na ɗan shekara 12 aka haƙa rijiyoyin farko. Yau da yawansu sun cike da ƙasa da leda, waɗanda ke aiki kuwa rabin cinikinsu na baƙi ne masu ɗaukar hoto. Mu ma mun zama wurin ziyara ke nan, sai dai namu baƙin ba sa tsugunawa, taya suke yi. Darbejiyar da ka raina ma, wadda muke shan inuwarta a ƙofar gida, daga wajensu aka kawo mana ita a zamanin Turawa.

Wata mai kamawa kuma Maukibi ne. Ka tuna shekarar da muka bi ayarin 'yan Ƙadiriyya tun daga Kabara har maƙabartar Mai Giginya, bandiri na tashi, kai ka ɓatar da takalmi ƙafa ɗaya ka dawo gida kana ɗingishi? Shehu Nasiru Kabara ne ya fara shi a farkon shekarun 1950, ga shi ya rasu tun 1996 amma taron sai ƙaruwa yake, mutane daga ƙauyuka a bayan a-kori-kura, wasu ma daga Nijar. In abokin karatun nan naka da ya kai ka garinsu ya taɓa zuwa Kano a ranar, ina jin shi ma zai rubuta wa wani amininsa ya tambaya me ya fito da mutane cikin wannan rana. Ka gaishe shi, ka ce wani Bakano ya gode da ya kula da kai.

In ka sake komawa, don Allah ka ɗauko mini hoton bishiyar da kyau, da na kwalekwalen, Ummi na son gani. Ka kuma tambayo mini ko har yanzu akwai mai rini da baba na gaske a wajen, dattijo ya ce sai ya ji. Ya riga ya tsoma maka yadi biyar, ya ce ba zai kai wa 'yan bugu ba sai ka faɗi ranar dawowa. Kuɗin kuma na ce masa kai za ka biya.

Gwiwa dai har yanzu tana ciwo, Hajiya ta ba ni man zafi.

Naka har kullum,
Sabo