Ziyararmu Zuwa Madatsar Ruwa ta Ajiwa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Duk ɗan Katsina ya san ruwan famfo, amma kaɗan ne suka taɓa ganin inda yake fitowa. Don haka malaminmu na labarin ƙasa ya shirya wa ajinmu ziyara zuwa Ajiwa, gabas da birni, cikin Ƙaramar Hukumar Batagarawa.

Ran Asabar da sassafe muka ɗauki hanya. Da isarmu sai muka ga ruwa ya shimfiɗu fetal, iska mai sanyi tana kaɗawa. Malam ya ce kogin Tagwai aka datse, aka buɗe wurin a 1975, tun kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Muka zaga bakin ruwan, muka ga masunta cikin kwalekwale suna jefa taru, ga tarwaɗa da karfasa. Ga balbelu, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai gadi. Can gefe kuma 'yan lambu suna ban ruwan tumatir da albasa. Daga nan aka nuna mana matatar ruwa, inda ake zuba alif don laka ta kwanta, a sa magani, sa'an nan a tura ruwan birni.

Da rana ta take wasu suka so yin iyo, Malam ya hana. Ya ce ban da haɗarin nutsewa, ruwan kwance yakan tara katantanwa mai ɗauke da ƙwayar tsargiya.

Abu ɗaya ya ɓata mini rai, wato ledoji da robobin da masu yawon shan iska suka watsar a gaɓa. Malam ya ba mu labarin tafkin Garda, mafi girma a Italiya, a gindin duwatsun Alps, wanda baƙi ke tururuwa zuwa gare shi kowace shekara don tuƙin jirgi da hawan dutse. Ya ce ba wanda zai biya kuɗin mota don ya kalli juji.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, in kun je Ajiwa ku komo da sharar ku. Ku kuma iyayenmu, ku daure ku kai mu irin waɗannan wurare lokacin hutu. Ruwan da muka ƙazantar a can, shi za mu tarar a randar gida. Allah Ya sa mu gane, amin.