Godiyar gidanmu ga waɗanda suka tallabi Baba

Da sunan Inna da ƙannena nake wannan godiya, yanzu da Baba ya dawo Bambeye, yana takawa da sanda har masallaci.

Ciwon ya daɗe a jikinsa. Hular da ya yi shekaru yana sawa ta daina shiga kansa, kunnensa ya yi nauyi, ƙwaurin dama ya lanƙwashe, in ka dafa shi sai ka ji ɗumi. Kowa ya ce tsufa ne. Da damina ta faɗi sai ƙafafu suka soma mutuwa, fitsari ya riƙe.

Godiya ta farko ga majo, ma'aikacin jinyar da ya fara duba shi. Ya ɗauki allura yana ɗan tsikararsa tun daga tafin ƙafa, Baba bai ji komai ba sai da aka kai cibiya. Ya sa masa robar fitsari, ya dube ni ya ce, "Daga ƙashin baya ne. Kada ku kwana, ku wuce Tawa." Ranar akwai masu cewa sammu ne, a nemi mai magani. Majo, da ka yi mana kara ka yi shiru, da yau wani labari ake yi, domin jijiyar laka in ta daɗe a matse ba kasafai take farfaɗowa ba.

A babban asibitin Tawa aka ɗauki hoto. An fara zaton tarin fuka na ƙashin baya, wanda ya fi yawa a ƙasarmu, amma likitocin ba su yi gaggawar ɗora shi kan magani ba, suka tura mu Yamai. Can, bayan hoton IRM da awon jini, aka ce cutar Paget ce. Wani likitan Ingila, James Paget, ya bayyana ta a 1877, kuma ba kasafai ake ganinta a Afirka ba. Likitan da ya karɓe mu ya zana mana a takarda, da Hausa ya yi bayani: kullum jiki na rushe tsohon ƙashi yana gina sabo, a wannan cutar kuwa aikin ke yin gaggawa, kamar ginin da aka ɗora kafin tubali ya bushe. Ƙashin ya yi kauri ba ƙwari, ya matse laka, ya kuma janye jinin da ya kamata ta samu. Shi ya sa aka gwada magani kafin fiɗa: aka ba shi kalsiyom da bitamin D, sannan aka yi masa ƙarin ruwa da zoledronat. Sannu a hankali babban yatsan ƙafa ya motsa. Likita, Allah ya ƙara basira.

'Yan uwanmu na ci-rani a Abijan, kuɗin da kuka tara kuka aiko ta Nita shi ya biya hoton da maganin, kuma mun san daga bakinku kuka cire. Samarin unguwa da suka yi mana gayya, noman fari da maimai, Allah ya cika muku rumbuna. Gwaggo da ta sauke mu a Yamai, Allah ya bar zumunci.

Amma wadda ba ni da bakin gode mata ita ce matar yayana. Ita ke juya Baba duk bayan awa biyu, dare da rana, don kada bayansa ya yi gyambo. Ta wanke shi, ta shanya tabarma, ta murza masa ƙafafu da man kaɗe, ta lanƙwasa gwiwa ta miƙe yadda mai gashin ƙashi ya koya mata. Baba mai kunya ne, ya sha juya fuska bango yana hawaye, ita kuwa sai ta kawo masa hirar kasuwa har ya sake. Ko ƙurji ɗaya bai fito masa ba. Yaya, Allah ya ba ki 'ya'yan da za su yi miki haka.

Jin kunnen Baba bai dawo ba, likita ya ce da wuya ya dawo, kuma za a riƙa maimaita awon jini don a ga ko cutar ta sake tashi. Duk wanda ya zo dubiya, ya yi addu'a, ko ya miƙo fura, Baba ya ce a gaya masa ya gode, Allah ya saka da alheri.